Na Kai Sunan Yusha'u Bakin Gulbi

Masu bin labarin nan, yau ku yi mini a hankali. Ku da kuke rubuto mini "Madam Nuriya kin burge mu", "Madam Nuriya Allah ya ƙara ƙarfin zuciya", ku ɗan riƙe tafinku, don abin da zan faɗa yau ba na tafi ba ne. Na rubuta na goge, na sake rubutawa na goge, har salula ta yi zafi a hannuna. Amma tun farko na ce muku ba zan shafa wa kaina hoda a labarin nan ba, to ga ni yadda nake.

Saboda waɗanda suka shigo a tsakiya: ni malamar lakwal ce a nan Gaya, ajin ƙanana nake riƙewa, yanzu muna vakans, wato babban hutu. A gidanmu mu uku ne masu bin Yesu, ni da Babana Yacuba da yayata Balkisu, sai ɗanta ƙarami. Sauran dangi kakaf Musulmi ne, Sarkawa masunta na bakin gulbi. Baba ya ba da gaskiya tun yana saurayi, ya rataye taru ya koyi aikin kafinta. Innarmu ta rasu ina rarrafe, Gwaggo Kande yayar Baba ce ta goya ni, tana bandar kifi ina bayanta. Ba ta taɓa hana Baba ɗauko ni ranar Lahadi ba, ita ma take yi mini kitson zuwa majami'a. Ku riƙe wannan, kada wani ya rubuto mini zagi a kanta.

Shi kuwa Yusha'u ɗan Yelu ne, makaniken moter ɗin jirage. Tun da aka rufe gadar kan iyaka, mutane da kaya suka koma ƙetarewa Malanbil ta ruwa, aiki ya yi masa yawa, kusan kullum yana kan gulbi, yau wannan gaɓa gobe waccan. Ranar Lahadi shi ke kaɗa ganga a korale, ƙungiyar mawaƙan majami'armu. Ni ina ce masa Metir kamar yadda yaran aikinsa ke kiransa, shi yana ce mini Madam. Ranar Asabar ɗin makon da nake ba ku labari iyayensa za su zo daga Yelu su kawo goron neman aurena.

Ranar Litinin da hantsi Gwaggo ta sauka daga kabu-kabu, kwandon busasshiyar tarwaɗa a cinya, turmin atamfa a hammata, carbi naɗe a wuyan hannu. Tun daga zaure take gaisuwa "fofo, fofo", ƙamshin hayaƙin banda ya riga ta shiga gida. Ta gaisa da Baba a rumfar aikinsa da ke manne da zaure, ta tsokani Yaya Balkisu da ke wanki a bakin rijiya, sannan ta ja ni ɗaki.

"Ɗiyata, tura ƙyauren."

Na tura. Ta baje mini atamfar a kan gado, shuɗiya mai zanen ganye, ta ce in ɗinka ta Asabar. Ina ta murna ina gwadawa a jikina, sai ta kama hannuna ta zaunar da ni.

"Saura abu guda. Kafin a karɓi goron kowace ɗiya ta gidanmu, sai an kai ta ta gaida ruwa. An kai ni, an kai kakarki."

Na san al'adar, ba yau na fara jin ta ba. Ana zuwa bakin gulbi ranar Alhamis da sabuwar ƙwarya, da madara, da riɗi, da farin goro, da ɗan ƙyalle daga rigar mai neman auren. Yarinya ta shiga ruwa ta faɗi sunansa, wai don masu ruwa, iskokin gulbi, su san surukinsu, kada su ɗauke shi baƙo.

"Gwaggo, kin san mun bar wannan."

"Ku kuka bar ruwa. Shi bai bar ku ba."

"Ai ko Malam Isma'il limamin unguwarku na ji yana wa'azi a kai. Ya ce ba kyau."

"Malam Isma'il a tudu yake noma geronsa. Bai taɓa zama bakin ruwa yana jiran gawa ta taso ba."

Ta miƙa hannu ta ɗaga labulen taga, ta nuna Yaya Balkisu da haɓa.

"A kan waccan na durƙusa wa Yacuba, ni yayarsa. Ya ce a'a. To ga ta nan."

Mijin Yaya, Hamidu, a gulbi ya rasu. Jirgin albasa ne ya kife da su, aurensu ko shekara biyu bai yi ba, tana da ciki. Tun daga ranar dangi suka yanke hukunci cewa taurin kan Baba ne ya ci shi.

Jama'a, da kun ga yadda na gyara zama. Na ɗauko muryar nan tawa ta aji, na ce ran kowa a hannun Allah yake, na ce wanda ya yi gulbin ya fi gulbin, na yi ta zuba kamar an kunna rediyo. Gwaggo ba ta yi musu ba. Ta naɗe carbinta ta miƙe, ta ce, "Shi Hamidu fatauci ke kai shi ruwa jefi-jefi. Naki a kan ruwa yake wuni. Alhamis da safe ina gida, in kin zo kin same ni." Bayan ta tafi har wani daɗi nake ji, wai ni ce na tsaya da ƙafata. Ashe ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Talata bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso ta kwashe shanyar Yaya. Ina ɗaki ina yanka atamfar, sai vokal ya shigo gurup ɗin zumuntar mata. Muryar wata 'yar'uwa ce tana haki: jirgi ya kife tsakanin nan da Malanbil, a yi addu'a, an ce har da wani makanike a ciki.

Almakashi ya faɗi daga hannuna. Na kira Yusha'u, wata mata ta amsa mini da Faransanci wai ba a samun lambar. Na sake kira, ita ce dai. Na shiga rubutu.

"Metir kana ina?"

"Don Allah ka ɗauka."

"Ko kalma ɗaya ce ka rubuto."

Duk ba wanda ya shiga. Na zari mayafin da hannuna ya fara kai wa, ashe na Yaya ne, na fita da takalmin wanka na tare kabu-kabu.

Bakin ruwa ya cika maƙil. Jandarmomi suna korar mutane baya, mata suna kuka, jarkoki da buhuna suna yawo a kan ruwan da ya yi jawur da damina. Na tsaya cikin taɓo na rufe ido in yi addu'a. Ni da nake jan addu'a a gaban matasa har a ce in taƙaita, ranar nan ko "Ya Uba" ban iya haɗawa ba. Abin da ke ta dawo mini kawai shi ne haɓar Gwaggo tana nuna taga, da muryarta tana cewa ga ta nan.

Sai can wajen la'asar wani jirgi ya matso gaɓa cike da mutane jiƙe sharkaf, na hango Yusha'u a baya yana riƙe da moter. Ba jirginsu ne ya kife ba, su ne ma suka kai ɗauki. An tsamo kowa da rai, kaya da moto biyu ne suka tafi. Salularsa ta bi su garin jawo wata tsohuwa.

Ya gan ni ya fara dariya. Mutumin nan fa dariya yake yi.

"Madam, da takalmin wanka? Ina ajin naki?"

"Kada ka yi mini magana."

"To na yi shiru. Amma ki share hawayen, yarana suna kallo, gobe ba zan sha ruwa ba a hannunsu."

Rigarsa ta aiki, wata ruwan ƙasa mai dogon hannu, ta yage daga kafaɗa har hammata. Na kalli yagar, kuma Allah shi ne shaidata, a take tunanin ya shigo mini, ba wanda ya raɗa mini shi.

"Tuɓe ka ba ni in ɗinke maka."

"Tun ba a kawo goro ba an fara yi mini ɗinki? Lalle na yi goshi."

Ya tuɓe ya miƙo mini, ya ari wata a wajen yaransa.

Laraba na wanke rigar na zauna a tsakar gida da zare da allura. Yaya Balkisu tana tsinkar zogale za ta yi kwaɗo, tana ta tsokanata wai amarya ta kama aiki tun kafin a ɗauke ta. Na ɗinke yagar tsaf. Da ta shiga madafa, na juya gefen rigar ta ciki, na yanki ɗan ƙyalle bai kai tsawon yatsa ba, na kalmashe wurin na bi da ɗinki yadda ba mai ganewa. Na ƙulle ƙyallen a bakin zanena. Hannuna ko rawa bai yi ba, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni kunya.

Kuma kada ku ce ban yi wa kaina wa'azi ba. Na yi, amma irin wa'azin da mutum ke yi bayan ya riga ya yanke shawara. Na ce ai madara ce kawai, kifi ne zai sha. Na ce ai don in kwantar wa tsohuwa da hankali ne, girmama iyaye ma umarni ne. Na ce in na shiga ruwan, bakina zai faɗi nasu, zuciyata tana kiran Yesu. Na jera dalilai har suka yi mini kyau. Abin da ban yarda na faɗa wa kaina ba shi ne tsoro nake ji, kuma a ƙasan raina na fara zargin ko Gwaggo ce mai gaskiya.

Da yamma na aika masa rigar. Ya ari salular wani ya rubuto: "Madam ɗinki ya yi. Na sa ta ina ta yanga. Saura kwana uku." Na tura masa hoton dariya.

Alhamis da sassafe na ce wa Baba zan je wajen Gwaggo mu zaɓi kifin baƙin Asabar. Yana zaune a kan ɗan guntun katako yana shan kunu. Ya ajiye ludayi, ya ɗora mini hannu a ka kamar yadda yake yi duk wanda zai fita, ya ce Ubangiji ya kiyaye fitata da shigowata. Na ce amin. A kan kabu-kabu na kwance 'yar sarƙata mai gicciye na jefa cikin jaka, wai don kada ta jiƙe.

Gwaggo tana ganina ta rungume ni. Komai nata a shirye yake, kamar ta san zan zo. Muka bi ta bayan fadamun shinkafa, muka wuce giginyu, har wani lungu inda ciyawar burgu ta rufe gaɓa. Tsoho Sha'ibu yana can yana jiranmu a kan wani tsohon jirgi da aka kife. Shi ne mai riƙe da al'adar ruwa a danginmu, ɗan siriri ne, idonsa ɗaya ya yi fari.

"Ɗiyar Yacuba ce wannan?"

"Ita ce," in ji Gwaggo.

"To. Ruwa ba ya mantuwa, amma yana karɓar wanda ya dawo."

Ya ce in tuɓe takalmi in ɗaure zane a ƙirji. Ya shafa mini farin yumɓu a idon sawu, ya ɗora mini ƙwaryar madara a hannu, riɗi da goro suna yawo a kai. Na kwance ƙyallen na sa a ciki. Na shiga ruwa har gwiwa, sanyinsa ya hau mini har ciki. Yana faɗa da Dandanci ina maimaitawa.

"Ce, ga baƙo na kawo muku."

Na ce.

"Faɗi sunansa da na uwarsa."

"Yusha'u ɗan Halima."

Inna Halima fa, matar da ta aiko mini da tsabar gero da man shanu tun daga Yelu, ta ce a gaya mini tana sa ni a addu'a kowace safiya. Ita ma na jawo sunanta cikin ruwan.

"Ce, na ba ku amanarsa, ku ne masu tsaronsa."

Nan na tsaya. Wannan ba gaisuwa ba ce, ko yaron ajina ya san bambanci. Na nemi addu'ar nan da na ce zuciyata za ta riƙa yi, na tarar babu ita, zuciya da baki duk wuri ɗaya suke. Ni ce nake tsayawa gaban yaran makarantar Lahadi ina gaya musu Allah ba ya raba kujerarsa da kowa, har ina sa su maimaita da ƙarfi. Ga gaɓa nan kusa, taku kaɗan ne in fito. Na waiga, na ga Gwaggo ta toshe baki da mayafi tana kuka marar sauti. Na tuna jarkokin nan suna yawo a kan ruwa ranar Talata.

Na faɗa, 'yan'uwa. Da bakina na faɗa, ba wanda ya riƙe mini wuya. Na tuntsurar da ƙwaryar, madarar ta yi fari a kan jan ruwa, ƙyallen ya ɗan juya ya nutse.

Ga kuma wadda ta fi duka muni, da na so in ɓoye muku. Da na fito, sanyi na ji a raina. Kamar an sauke mini tulu daga ka. Na ce a zuciyata yanzu kam ko ta ina an tsare shi. Sai da na hau kabu-kabu na mayar da sarƙata a wuya, sannan kunyar ta fara tasowa, ta kuma ƙi tsayawa.

Ina shiga gida Yaya Balkisu tana shara. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ina kifin?"

Kun ji maƙaryacin da bai iya sana'arsa ba. Ko ƙaya ban riƙo ba.

"Gwaggo ta ce gobe za ta kawo da kanta."

Idonta yana kan ƙafata. Na duba, ga farin yumɓun nan ya bushe a idon sawuna, ruwa bai wanke shi duka ba. Yaya ɗiyar Sarkawa ce kamar ni, ba ta bukatar a fassara mata. Ta jingine tsintsiya, ta shiga ɗakinmu, na bi ta.

"Yaya, tsaya ki ji."

"Rufe ƙyauren, kada Baba ya ji."

Ta zauna a bakin gado kusa da atamfar da ban gama ɗinkawa ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi, amma a hankali take magana.

"Kin san abin da ya kashe Hamidu? Buhun albasa aka loda har jirgin ya kusa shan ruwa tun yana gaɓa. Mai jirgin ya ce a ƙara, a ƙara. Ba jile, rigar nan ta hana nutsewa, ko ɗaya a ciki. Waɗanda suka tsira sun faɗa mini da bakinsu, har da wanda aka kai matarsa gaida ruwa, shi ma ƙanensa ya tafi a ranar."

"Na sani, Yaya."

"Ba ki sani ba. In na shiga kasuwa, da haɓa ake nuna ni. In an yi suna a dangi, ana jan 'yan mata gefe a ce ku dubi abin da ƙin ji ke jawowa. Baba ya je gaisuwar mutuwa an tashi daga tabarmar da ya zauna. Duk na shanye. Abin da ya riƙe ni, ina cewa ko duniya duka ta ce Baba ne ya kashe mini miji, a cikin gidan nan mu uku mun san ba haka ba ne."

Ta share ido da bayan hannu.

"Ashe mu biyu ne."

Na durƙusa na kama ƙafarta. Ta janye a hankali, ba da fushi ba, ta ce tuwo zai ƙone. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Ni ba zan faɗa wa kowa ba. Ba nawa ba ne in faɗa." Ranar nan ban iya cin abinci ba, na ce wa Baba ciki ke murɗa mini. Ƙarya ta uku ke nan a wuni guda.

Juma'a gida ya kacame da shiri. An share tsakar gida an yayyafa ruwa, an aro manyan tukwane daga majami'a, matar Pasto ta aiko da tabarmi. Baba yana rumfarsa tun safe yana haɗa kujerun da baƙi za su zauna, ƙarar zartonsa har cikin ɗaki. Gwaggo ta aiko da kifi kwando biyu, ta ce tana nan tafe gobe. Ni kuwa na gama atamfar, na sa an yi mini kitso, ina ta yi wa mutane murmushin da bai wuce leɓe ba. Na riga na tsara a raina: zan roƙi gafarar Allah ni kaɗai, in binne maganar, bayan aure in an yi shekaru wata rana na faɗa masa muna dariya. Abin da ban lissafa ba shi ne farin cikin Gwaggo. Tsohuwar da ta yi shekaru tana jin an raba ta da 'ya'yan ƙanenta, ka ce ta yi shiru ranar da ɗaya ta dawo? Goro ta raba a bakin ruwa.

Bayan la'asar saƙo ya shigo daga wata baƙuwar lamba.

"Madam ni ne. Ina zaure. Fito minti ɗaya."

Na yafa gyale na fita. Yana tsaye, ko zama bai yi ba, hannunsa duk baƙin mai. Ya yi mini murmushi, amma ba irin nasa ba.

"Metir, lafiya? Ai gobe ne ranar, ko ka kasa haƙuri?"

"Lafiya lau. Wani abu ne ya tsaya mini a rai, na ce bari in zo ki cire mini shi in samu barci."

Ya goge hannunsa da tsumma, ya ci gaba.

"Ɗazu muna cin abinci a gindin jirage, masunta suka fara tsokanata. Wani ya ce yanzu kam in yi iyo yadda na so, ruwa ya san ni. Na ce ban gane ba. Ya ce ai mai auren ɗiyar Sarkawa sai an kai sunansa. Sai na miƙe, Madam, a gaban kowa. Na ce ba ku san gidan da zan shiga ba. Na ce Baba Yacuba an tashi an bar masa tabarma bai tanƙwara ba, kuma ɗiyarsa ta fi shi tauri. Na ce yarinyar nan ta gwammace ta binne ni da ta zuba wa ruwa madara a kaina, kuma don haka nake son ta."

Ya ci gaba.

"Kin san me suka yi? Dariya. Ba irin ta tsokana ba. Har wani ya ƙware da shinkafa. Wani tsoho mai farin ido yana gefe, shi bai yi dariya ba, ya dai ce a ƙyale yaro ya ci abincinsa."

Ya dube ni sosai.

"Me ya ba su dariya, Nuriya?"

Bai taɓa kiran sunana haka ba. Kuma amsar tana nan a bakina a shirye, mai sauƙi: ka san mutanen bakin ruwa da neman magana, hassada ce, so suke su ɓata mana gobe. Da na faɗa da ya yarda, na ga alama a fuskarsa cewa abin da ya zo nema ke nan. Gobe a kawo goro, Pasto ya yi addu'a, a ci shinkafa da kifi a watse. Ta ƙofar zaure na hango Yaya Balkisu a tsakar gida, ta tsaya da tukunya a hannu, ba ta kallona, ba ta kuma tafi ba.

Na ga kaina ranar Lahadi a layin korale, shi yana kaɗa ganga yana kallona da wannan yardar, ni ina buɗe baki ina waƙa. Na ga zan iya yi, kuma abin da ya fi tsorata ni ke nan. Na riga na ba ruwa amanarsa, yanzu kuma zan ci wadda ya ba ni. A karo na farko tun ranar Talata addu'a ta zo mini, gajeriya ƙwarai, na ce Yesu ka taimake ni, ban ƙara komai ba.

"Sun yi dariya ne don sun san inda na je jiya da safe, kai ba ka sani ba."

Na ci gaba.

"Na je. Na yanki rigarka ranar da na ɗinke ta. Na shiga ruwa na faɗi sunanka da na Inna Halima. Na ce musu su ne masu tsaronka. Ba wanda ya tilasta mini. Tsoro na ji, kuma na fi yarda da tsoron."

Tsumman ya faɗi daga hannunsa bai sunkuya ya ɗauka ba. Idonsa ya cika, ya juya ya kalli bango. Ina jira ya yi faɗa, ko ya fita, ko ya tambaye ni don me, amma ba ko ɗaya. Shirun ya yi yawa, sai a lokacin na gane dalili. Zarton Baba ya daina ƙara, ban san tun yaushe ba. Tsakanin zaure da rumfarsa zana ce kawai.

Baba ya ɗaga zanar ya shigo, garin katako a gashinsa da girarsa, ƙafar kujera a hannu. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Ya dafa kafaɗar Yusha'u, ya yi magana da wata murya mai sanyi da ban san yana da ita ba.

"Ɗana, kira mutanenka a Yelu. Ka ce musu kada su taso tukuna."